Ta-Shiga Mai Saƙar Kujera

Mijin ƙanwata saƙar kujera yake yi. Kujerun nan na ƙarfe da ake naɗe su da igiyar roba, ja da kore, a ajiye a baranda, su ne aikinsa tun muna samari. In ka shigo layinmu kana nemansa, kada ka wahalar da kanka da sunan da iyayensa suka sa masa, ba wanda zai gane ka. Ka ce ina shagon Ta-Shiga. Ko wanda ya tare a layin jiya zai nuna maka.

Ni aski nake yi. Shagona na manne da nasa, katako ne kawai ya raba mu, in ya yi atishawa ni nake amsa masa. Tsani ake ce mini saboda tsawona. Da muna buga ƙwallon kwando, aikina in tsaya ƙarƙashin kwando, in sha duka, in kamo abin da wasu suka jefa bai shiga ba. Ba aikin da ake yin suna da shi ba ne, amma dai ana samun tabo.

Sunansa ya samo asali daga wata yamma, shekara talatin da biyu ke nan. Wasan ƙarshe ne na kofin unguwanni, mu da 'yan tsallaken gada, a filin simintin da ke bayan makaranta. Dole in yi maganar kwandon filin nan, don duk labarin a kansa yake. Zoben ƙarfe ne tsirara a jikin allo, babu raga. Ragar da ke jiki an ce wani ya kwance ta ya zuba albasa. Wanda bai taɓa wasa a irin wannan fili ba ba zai gane masifar ba: ƙwallon da ta ratsa tsakiyar zobe ba ta taɓa ƙarfe ba, da wadda ta faɗi taku ɗaya kafin zoben, daga nesa duk kamarsu ɗaya. Ba ƙara, ba motsi. Ga rana kuma ta sauko daidai bayan allon, tana cikin idon kowa.

Sun fi mu da maki ɗaya, saura daƙiƙa huɗu. Koci ya tara mu ya ce a ba Bani-Bani ƙwallo. Bani-Bani shi ne gwaninmu, yanzu gyaran famfo yake yi. Tun daga busa usur ɗin farko har na ƙarshe bakinsa ba ya hutawa, "ba ni, ba ni," har ya zama sunansa. To su ma 'yan tsallaken gada suna da kunne. Mutum uku suka rufe shi ruf. Mai jefo ƙwallo ya duba ya rasa wanda zai ba, sai ya hango abokina can a kusurwa, shi kaɗai, a tsaye kamar mai jiran mota. Da ma an sako shi ne don biyu daga cikinmu sun cika laifi an fitar da su. Ƙwallo ta faɗa hannunsa. Ya kalle ta, ya kalli jama'a, ya wurga.

Ni a daidai lokacin wani ƙato ya zuba mini gwiwar hannu a ido. Ban ga komai ba sai taurari. Abin da na sani kawai, ƙwallo ta sauko mini a tsakar ka, tim. Na dafe ido, hawaye na zuba, na buɗe baki na ce, "Ta shiga?"

Ina so a lura da kyau: tambaya na yi. Allah ya ba ni murya daidai da tsawona, kuma tsakanin tambaya da amsa babu komai sai ɗan ɗagawar nan ta ƙarshen murya. Ita kuwa ihun mutum ɗari biyar ya haɗiye ta. "Ta shiga! Ta shiga!" Alƙalin wasa malamin lissafi ne mai tabarau, rana ta kashe masa ido. Ya dube ni, ya ga na fi kowa kusa da kwando, na fi kowa tsawo, ya ɗaga hannu ya busa. 'Yan tsallaken gada suka yi kansa, ya tsallake katanga da usur a baki.

Ranar ban gyara maganar ba, don ana ɗauke da mu a kafaɗa, kuma ɗaukar mutum irina ba ƙaramin aiki ba ne, bai kamata a ɓata wa mutane wahalarsu ba. Washegari an riga an ba mu kofi. Na ce bari ƙura ta lafa. Kafin ta lafa, abokina ya fara zuwa gidanmu da yamma, yana tsayuwa a ƙofa yana murza hula, ba wurina yake zuwa ba. Ƙanwata tana cikin 'yan kallo ranar wasan, kuma kafin wannan rana ban taɓa jin ta ambace shi ba ko da kuskure. To yaya zan yi? In ce mata mutumin da kike so tambaya ce ta haife shi? Aka yi aure, aka haifi ta fari, aka haifi na biyu. Na ja bakina na ɗinke.

Suna kuwa ya yi ta girma ba tare da an ba shi ko ruwa ba. Shekarar farko daga kusurwa ya jefa. Bayan shekara biyar daga tsakiyar fili. Yanzu in ka tambayi matasan da ba a haife su ba a lokacin, za su gaya maka daga ƙofar makaranta ya jefa, da hannun hagu, yana hamma. Aka ce jininsa sanyi gare shi, zuciyarsa ba ta san bugu ba. Wannan mutumin da in ɓera ya shigo ɗaki ƙanwata yake kira.

Ya ƙara shekara shida yana wasa, kuma ni shaida ne, bai sake jefa ƙwallon ƙarshe ba ko sau ɗaya. Da zarar wasa ya yi zafi, saura minti guda, sai igiyar takalminsa ta kwance. Ko jijiya ta riƙe masa ƙafa. In duk waɗannan sun ƙi, ƙwallo ta zo hannunsa, kafin ka ƙifta ido ya miƙa wa Bani-Bani kamar garwashi. Jama'a su ce, "Kai, ka ga babban ɗan wasa! Ba shi da son kai, yana so wasu ma su yi suna." In Bani-Bani ya jefa ta ƙi, su ce, "Dubi kwaɗayi. Ga Ta-Shiga a fili, kai wane ne da za ka jefa?"

Bani-Bani ya ba ni haushi shekara da shekaru, amma gaskiya ɗaya ce. Ya jefa ƙwallon ƙarshe fiye da sau ashirin, bai taɓa ɓuya a bayan kowa ba, kuma wajen bakwai sun shiga, kowa ya gani. Ba wanda ke tuna ko ɗaya. Abin da ake tunawa ita ce wadda ta haure allo ta fasa tagar ofishin hedimasta. Har gobe ba a nemansa sai bututu ya fashe.

A shagona kullum ana gardama kan manyan 'yan wasan da ake nunawa a talabijin. Wannan ya ce wane zaki ne, in wasa ya zo wuya shi ke neman ƙwallo. Wancan ya ce ƙarya ne, ɓuya yake yi, sai an ci wasa ya fito ya bugi ƙirji. In abin ya kai ana neman kifar mini da madubi, sai wani ya buga katako ya ce a kira Ta-Shiga ya raba gardama. Ya leƙo da igiya a kafaɗa, ya saurari kowa, sannan ya ce, "To, ai ƙwallo ce." Ya koma. Sai ka ga manyan mutane suna gyaɗa kai, wani ma har ya ce a maimaita masa.

Akwai wani abu da yake yi wanda ya ƙara masa daraja. Mako guda bayan kofin nan, ya zo da raga da ya saƙa da ragowar igiyar kujera, ja da kore, ya ce in raka shi fili. Ya hau kafaɗata ya ɗaura ta a zoben, ya sauko muka je ɗaya gefen ya ɗaura ta biyu. Tun daga nan duk wani kwando da ke garin nan ragarsa ce a jiki. Ba ya karɓar ko sisi. Duk Asabar yana kan keke, buhun igiya a baya, yana zagaya filaye yana duba wadda rana ta cinye. Kuma saƙarsa daban take: yana matse bakin ƙasan, har sai ƙwallo ta ɗan tsaya ta yi numfashi kafin ta faɗo. Wani lokaci ma ta maƙale sai an zungure ta da sanda. Matasa sun sha kawo ƙara. Shi dai ya ce, "Gara ta tsaya a gan ta."

Ƙanwata kuwa tana ciki da shi. "Yaya, ka ga abokinka ko? Ya yi wa ƙarafan gari duka sutura, ni kujerar tsakar gidana shekara huɗu da rami. Baƙo ya zauna sai an ciro shi." Ni kuma in ce mata ta yi haƙuri, mutumin kirki ne, taimakon wasa yake yi. Haka nake gaya wa kaina ma, don ya fi sauƙin kwana da shi.

Bana aka gyara filin bayan makaranta. Sabon siminti, fenti, allon gilashi. Masu shirya bikin buɗewa suka ce babu abin da ya dace irin a tara tsofaffin 'yan wasa, mu da 'yan tsallaken gada, waɗanda suka rage kuma suke iya sunkuyawa. Aka buga takarda da hotonsa aka manna har a ƙofar shagona. Ya ce musu gwiwarsa ba lafiya. Suka ce ba komai, Baba, ka zauna a benci, minti na ƙarshe kawai muke so ka shigo, ai shi mutane za su zo gani.

Saura kwana uku ƙanwata ta shigo shagona ina tsakiyar yi wa wani gyaran fuska. "Yaya, ka je ka ji abin da ke damun mutumin nan. Ba ya cin abinci. Kujera ɗaya yake saƙawa yana warwarewa tun shekaranjiya."

Da rana ta take na rufe shago na zagaya. Yana zaune a kan ɗan bencinsa, ƙarafan kujeru jibge a bayansa har rufi, ƙullin igiyoyi rataye a ƙusa, ga kyandir ɗin da yake ƙona bakin igiya da shi don kada ta zare. Babban yatsansa ya yi kanta har ba ya jin wuta. Na jawo wata kujera da ba a gama ba na ɗosana.

Ya daɗe yana jan igiya bai dube ni ba. Can ya ce, "Tsani, ranar nan kai ne a ƙarƙashin kwando."

Shekara talatin da biyu katako ɗaya ya raba mu, bai taɓa tayar da maganar ba. Na ce, "Ni ne."

"To."

Ya ci gaba da saƙa. Na ga furfurar da ke bayan kunnensa, wadda ni nake aske masa ita duk wata, na ga yadda rigarsa ta yi masa yawa a kwana uku. Sai kawai na gaji. Na ce, "Ban ga komai ba. An buge mini ido. Da na ce ta shiga, tambaya na yi."

Na zaci zai tashi, ko ya jefe ni da almakashi. Ya ja igiya ya ɗaure, ya kai bakinta kan kyandir, ya murje da yatsa.

"Na sani," in ji shi.

"Ka san me?"

"Na ji ka. Ni kaɗai ne a kusurwar nan, ba kowa kusa da ni, ai shi ya sa aka ba ni ƙwallon. Muryarka ta riga ihun isowa. Na ji ƙarshenta ya hau sama."

"Kai kuma ba ka gani ba?"

"Da wane ido? Rana ce a gabana."

"To don me ba ka taɓa faɗa ba?"

"Kai don me ba ka faɗa ba?"

Na ce, "Ƙanwata."

Ya ce, "Ni ma ita."

Wani mai babur ya zo wucewa, ya rage gudu ya ɗaga hannu: "Ta-Shiga! Ranar Asabar muna nan!" Ya ɗaga masa hannu shi ma, har ya ɓace.

"Ka ji ko?" ya ce. "Kai sau ɗaya ka yi tambayar nan ka huta. Ni kullum sai an yi mini ita sau hamsin. Ta-Shiga ina kwana, Ta-Shiga ina kujerata. Jikata ma da ta fara magana, da shi ta fara. Kowa tambayata yake yi, Tsani, kuma ban san amsar ba."

Wallahi na ji kunya, irin wadda ban taɓa ji ba, kuma na ji tausayinsa. Ashe duk ragar nan da na yi ta ɗaukarsa a kafaɗa yana ɗaurawa, ba kyauta yake yi wa gari ba. So yake kada a sake yi wa wani abin da na yi masa. Na ce in yana so zan je in ce musu zazzaɓi ya kwantar da shi, ni zan rantse, na saba. Ya ce a'a. Ya ce in zo da sassafe ranar Asabar, akwai aikin kafaɗa.

Masu shirya biki sun sayo raga farare daga kanti. Ya hau wuyana, mu biyu gwiwoyi na ƙara, ya kwance su, ya ɗaura nasa. Ya matse bakinsu fiye da kullum.

Wasan kansa ba abin a ba da labari ba ne. Tsofaffi goma da tumbi, ana gudu kamar ana tsallaka ruwa. An tsayar da wasa sau biyu don neman tabarau, sau ɗaya don wani ya sha maganin hawan jini. Amma jama'a sun cika fili har kan katanga. Da ya rage minti ɗaya suka fara kiran sunansa, aka sako shi. Na duba takalminsa, ya yi wa igiyar ƙulli biyu.

Ba zan rantse ba a kan cewa ba a shirya ba, amma saura daƙiƙa shida 'yan tsallaken gada suna gaba da maki ɗaya, sha huɗu da sha uku. Aka jefo wa Bani-Bani. Babu kowa a gabansa, don masu tsaronsa sun tsaya suna haki. Na ga hannunsa ya ɗaga da kansa, yadda ya saba. Sai ya tsaya, ya juya kusurwa, ya faɗi kalmar da ban taɓa ji a bakinsa ba tun da na san shi. Ya ce, "Ungo."

Ƙwallo ta isa hannun Ta-Shiga. Ni ina ƙarƙashin kwando, ba mai tsarona, na ɗaga hannu biyu ina ihu, "Ba ni! Ba ni!" So nake in fitar da shi. In na jefa ta ƙi, ni za a zaga, sunansa ya tsira, ya mutu da abinsa. Ya dube ni sarai, ya ji ni. Ya gyara tsayuwa, ya lanƙwasa gwiwar da ya ce ba ta da lafiya, ya jefa.

Wannan karon idona biyu a buɗe suke. Ta tashi da kyau, ta yi baka, ta sauko. Saura kamar tafin hannu ta kai zoben, ƙarfinta ya ƙare. Ta faɗo cikin hannuna. Ragar nan ja da kore ko motsi ba ta yi ba. Na rungume ƙwallo, na rufe bakina gam.

Fili ya yi tsit. 'Yan tsallaken gada ma sun rasa yadda za su yi murna, sai kyaftin ɗinsu, wani tsoho mai sanƙo, ya fara zagayawa yana cewa yanzu sai a dawo musu da kofinsu na wancan karon. Bani-Bani ya taka har kusurwa, ya dafa kafaɗar Ta-Shiga ya ce, "Sannu da zuwa. Ɓarar da ƙwallon ƙarshe kwana biyu yake yi yana ciwo, na uku za ka ci abinci." Ta-Shiga kuwa yana tsaye yana kallon ragar.

A hanyar gida na jera da ƙanwata. Na fara kame-kame, na ce kada ta damu, tsufa ne, wancan karon ai ta ga yadda ya yi.

"Wane karon?"

"Ranar kofi mana. Ƙwallon da ya jefa."

"Yaya, ni ban ga wata ƙwallo ba. Turmutsitsi ya cire mini takalmi, ina duƙe ina nema aka hau ihu."

Na tsaya cak a titi. "To me kika gani a wurinsa?"

"Da kowa ya watse shi ya dawo ya nemo mini takalmin. Ƙafa ɗaya, a cikin kwata. Har ya wanke." Ta dube ni sama da ƙasa. "Lafiya kake?"

Na ce lafiya lau, rana ce ta buge ni.

Kafin Litinin gari ya gama gyara labarin. Wasu suka ce iska ce. Wasu suka ce da gangan ya yi, don ya faranta wa tsofaffin tsallaken gada rai kafin su mutu, wai sai babban ɗan wasa ke iya irin wannan. Sunan dai yana nan daram, ko ƙwarzane bai yi ba. Abin da ya canja a gidan, ƙanwata ta ce ya cinye kwano biyu a zama ɗaya, kuma ya toshe ramin kujerar tsakar gida.

Da safen Litinin ina goge madubi na ji wani ya tsaya a ƙofarsa, yana jan ƙarfen kujera a ƙasa.

"Ta-Shiga!"

Ta cikin katako na ji muryarsa, sakayau, irin wadda rabona da ji tun muna samari.

"A'a," ya ce, "ba ta shiga ba. Kawo kujerar in gani."